Dawar Baffa Sada a Kan Gilashi

Tarbiyya ce ta ja wa Naja'atu. A gidansu a Gubuchi ba a miƙa wa yaro ƙwarya kafin babba. Shi ya sa da ta kai ganyen dawa ɗakin bincike a Zariya, ta fara da na gonar Baffa Sada, yayan mahaifinta, ta bar na sauran manoma sai bayan sati biyu.

Da 'yan gilasai ake gwajin, kowanne da ɗigo dubbai, kowane ɗigo yana haske gwargwadon aikin wata ƙwayar halitta a cikin ganyen. Na Baffa suka haska tar, daidai inda ake neman ƙarfin jure ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse dawa. Murna ta sa ta buga masa waya, Baffa kuwa bakinsa ba ya ajiya.

Da Dakta Mukarrama, malamarta, ta duba ranakun gwajin, sai ta cire tabarau.

"Na baffanki duk a kwalin gilasai na farko suke, da sabon rinin gwaji. Sauran a na biyu, bayan firji ya kwana biyu ba wuta. To, dawar ce ta haska ko kwalin?"

"Kwamfuta ba za ta rarrabe ba, Dakta?"

"Da kin cakuɗa su, da ta rarrabe."

Gilasai sun ƙare, ganye ya ƙare. Sai wata damina.

Naja'atu ta shigo motar Makarfi zuwa gida tana tsara magana. Ashe shekaranjiya ruwa ya sauka. Ta tarar da Baffa a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi Zariya da mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya.

"Baffa, batun irin nan..."

"Ai kin makara, 'yar nan, ko tiya ban rage ba," ya ce yana dariya. "Har daga Paki aka zo. Jiya aka gama shuka."

"Amma kowa ya ajiye nasa irin, ko?"

"A ajiye a yi me da shi? Maƙwabcina Gambo ma nasa ya kai inji, yaransa suka ci tuwo. Cewa ya yi tunda daga bakinki ta fito, shi ya gama da ƙuduji."

Naja'atu ta ce Allah ya ba da damina mai albarka. Baffa ya ce amin, ya sake cewa amin.