Inda Alhaji Sha'ibu Yake Shan Mai

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran mota a bayan Birni, kuma in gaskiya za a faɗa, rabin tuwon gidana Alhaji Sha'ibu ne yake kawo shi ba tare da ya sani ba. Shi ne mai teburin esansi, wato man fetur, a mararrabar da ake ɗaukar hanyar Guna, kwalabe jere suna ƙyalli a rana. Duk wanda ya tsaya sai ya dafa ƙirji ya rantse masa cewa mansa zalla ne, ko ɗigon wani abu babu. Masu taksi da ƴan kabu-kabu sun yarda da shi fiye da yadda suka yarda da lita ta stasiyon, wato gidan mai. Yardar nan ita ce jarinsa. Ranar da ta zube, teburin ma ya zube.

Ni kuwa na san abin da ke cikin kwalaben, domin a hannuna yake ƙarewa. Mota za ta sha wata biyu ko uku, sai wutar nan mai ruwan lemo ta kama a gaban direba, inji ya soma tari, mai ya riƙa tafiya kamar ana zuba shi a rairayi. In jona mata balis, na'urar da mota ke gaya wa ciwonta, ta ce sonde ce. Sonde ɗan ƙarfe ne kamar buji mai ba inji wuta, a jikin bututun hayaƙi yake, aikinsa ya sansana hayaƙin ya gaya wa inji ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ya toshe da baƙi, inji ya zama makaho. Sai in canja, mai mota ya yi godiya, ya koma wurin Alhaji ya cika tanki, ni kuma in gyara zama in jira shi. Ban taɓa buɗe baki ba. Ba abin alfahari ba ne, amma ban ce ban ji daɗinsa ba.

Motar Alhaji kanta ba ta taɓa shigowa garejina ba, kuma na san dalili. Sau biyu ina ganinsa da sassafe a wata stasiyon can ƙarshen gari, ya ja hula har kan gira. Sai ga shi tafiya ta kama shi ta wajen wata biyu, matarsa Hajiya Aliya ta samu motar ta yi ta zirga-zirgar biki da suna zuwa Hamdara. Daga duron cikin gida take ɗura mata mai. Ita ma ta yarda da rantsuwar mijinta, baiwar Allah. Matata ce ta ba ni wannan labari.

Ranar wata Asabar da hantsi Alhaji ya iso, motar tana tari tun daga kwana. Ƙarƙashin dogon yaron gareji akwai Baba Mala, tsohon mai taksi da na canja wa sonde sau biyu, da Sule shugaban ƴan kabu-kabu, da wasu mutum uku suna jiran shayi. Duka masu shan mansa ne. Na leƙa cikin motar, na ga ya manna baƙin skoc, tef ɗin nan na liƙi, a kan wutar, wai don kar ta dame shi.

"Safiyanu, zo ka kashe mini fitilar nan," in ji shi, ko sallama bai ƙarasa ba. "Ai mun san ku. Ku kuke kunna ta da na'urarku, ku kuke kashe ta."

Na ce, "Alhaji, motarka ba ta taɓa kwana nan ba."

"Duk ɗaya kuke!" Ya juya wajen Baba Mala. "Baba, sau nawa yaron nan ya canja maka abin? Jabu yake sa muku, shi ya sa ba ya daɗewa. Ni nawa ka sa mini orijinal, ina tsaye ina kallo."

Aka yi dariya. Baba Mala ya dube ni da wani irin ido da ban so ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru ina rufa wa mutum asiri, yau ya zo har inuwata yana kirana ɓarawo, kuma yaro, da furfurata.

Na ɓare skoc ɗin na manna a bayan hannuna. Na jona balis ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi abin da na riga na sani. Duk da haka ban yi gaggawa ba. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Na duba ko bututun yana yoyon iska, babu. Na ciro matatar iska na ɗaga ta sama kowa ya gani, fes take. Sai da ƙarfe ya huce na shiga ƙarƙashi na kwance sonden, na fito da ita a tafin hannu. Baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Na miƙa wa Baba Mala. Ya juya ta, ya goga da babban yatsa, ya ce, "Kai! Sak irin tawa."

"Wannan ta kamfani ce, Baba, da ita aka ƙera motar," na ce. "Ba ni na sa ta ba. Mai ne ya kashe ta, man da aka haɗa da gazuwal na manyan motoci da dattin gindin duro." Sannan na juya da ladabina duka. "Alhaji, don kar sabuwar ta bi ta, a ina kake shan mai?"

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Na ga tambayar ta shiga Alhaji, ta nemi ƙofar fita ta rasa. In ya ce daga teburinsa, ga shaida a hannun Baba Mala. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya zaɓi abin da ya ga ya fi sauƙi.

"Stasiyon mana! Kun gani ko? Kullum ina gaya muku man stasiyon ba shi da kyau."

Sule ne ya ajiye kofinsa a hankali.

"Alhaji, ka yi haƙuri, tambaya ce. Kai da kake da duro shida a gida, duka zalla, me ya kai ka layin stasiyon?"

Alhaji ya laluba waya a aljihu, ya kara a kunne, ya ce alo sau uku. Wayar ba ta yi ƙara ba, kowa ya sani.

Na ɗaura sabuwar sonde, na goge laifin a balis, na tada inji. Wutar ta mutu, tarin ya tsaya. Aikina dai ya yi kyau, ba mai cewa bai yi ba. Alhaji ya ja motarsa ya tafi ba wanda ya ce masa a sauka lafiya. Baba Mala kuwa bai sake kallona ba sai da ya tashi tafiya.

"Kai ma ka daɗe da sani, Safiyanu."

Ban musa ba. Kunya ta kama ni fiye da yadda na zata.

Bayan kwana huɗu na bi ta mararrabar da azahar, rana tana dukan tsakar ka. Mai ya ƙare wa Baba Mala taku kaɗan kafin teburin Alhaji. Kwalabe cike, Alhaji ya miƙe har ya ɗauko mazurari. Tsohon ya fito, ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa a ƙofar taksinsa yana turawa, gumi yana zuba. Da ya zo daidai teburin ya ɗaga hannu ɗaya.

"Sannu da kasuwa, Alhaji."

Ya ci gaba da turawa. Stasiyon mafi kusa tana can bayan tasha.