Bel Ɗin Da Ya Ƙi Zama

Mijina shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfani yana sassaƙa ƙarfe a kan inji, kuma tun daga can aka laƙaba masa Mai Awo. Mutum ne da ko labule zai rataya mini sai ya ɗauko ma'auni. Da ya yi ritaya sai ya mayar da ɗakin bayan gidanmu wurin aiki, yana ƙera wa mahauta wuƙaƙe. Da magagari yake fitar da kaifin, a hankali, har sai ya ga fuskarsa a jikin wuƙar. Na saba da wannan ƙarar kamar yadda wasu suka saba da carar zakara.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. A kofin shayi na fara gani, shi kuma ya ce teburin ne ke da gurguwar ƙafa. Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Kafin shekara ta zagayo magagari ya fara kuɓuce masa.

Babbar 'yarmu, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta zo ta tarar da yatsunsa biyu naɗe da tsumma. Ba ta tsaya kwana-kwana ba.

"Baba, ku tattara ku dawo wurina. Na gyara muku ɗaki."

Ɗakin nata a hawa na uku yake, a benen da ko turmi ba a bari a daka. Mun san abin da komawa can ke nufi: kujera, talabijin da jiran lokacin shan magani.

"Uwata, ki bar ni in haɗa injina tukuna," in ji shi. "Bel ne na samfefa zai riƙa zagaya tayoyi uku. Shi zai ci ƙarfen, ni nawa riƙewa kawai. In na fitar da wuƙa ɗaya miƙaƙƙiya a kansa, ki ƙyale ni a ɗakina. In ta karkace, da hannuna zan sa wa ƙofar kwado."

Ta yarda, domin ta san shi ba ya magana biyu.

Ban taɓa ganin ya yi wa wani abu hidimar da ya yi wa injin nan ba. Ya ciro injin tsohon famfon ruwanmu ya wanke shi da kananzir. Ya sayo ƙarfen ƙofa a wurin 'yan gwangwan, ya yanka, ni ina danne masa shi da sufana yana walda, ina kau da kai saboda hasken. Sifirin ɗin da ke ɗame bel ɗin daga tsohuwar kujerar ofis ya fito. Tayoyin kuwa wurin wani tsohon abokin aikinsa ya je, ya tsaya a kansa har aka sassaƙa su sumul, ya sa musu sabon boris. A watannin nan har abinci ya koma ci da yawa, yana tsokanata wai na fi duk masu taya shi aiki a kamfani tsoron tartsatsi.

Ranar da aka fara kunnawa, bel ɗin ya yi zagaye bai fi goma ba, ya zame gefe, ya yi tsalle ya bugi bango. Ya mayar, ya sake zamewa. Ya ce ƙafar injin ce ba ta daidaita ba, ya kwance ta. Sati ya wuce, ya ce sandar tayar sama ce. Ya auna, ya rubuta a jikin bango da alli, ya goge, ya sake aunawa. Wata huɗu muna haka. Duk ƙarshen mako 'yarmu za ta bugo waya.

"Mama, an gama?"

"Saura kaɗan."

Ni fa abin ya fara ci mini rai. Ina ganin mutumin da gari guda ke kawo wa gyara, ga shi wani ɗan ƙyallen samfefa yana wasa da shi. Ina tausayinsa, ina kuma jin haushinsa, don girman kai ba zai bar shi ya tambayi kowa ba.

A bakin layinmu akwai mai niƙa. Injinsa duk waya ce da roba ke riƙe da shi, kuma mijina ba ya wucewa ta wurin sai ya girgiza kai. Amma na lura bel ɗinsa wuni yake yana gudu bai taɓa sauka ba. Wata safiya na kai niƙa, sai na ba shi labari. Ya yi dariya, ya karkaɗe gari daga gashin idonsa.

"Mama, tayar tasa tana da tumbi?"

"Wane irin tumbi kuma?"

"Tsakiyarta ya ɗan fi gefe tudu. Bel tudu yake bi. In an yi ta sumul, ko wane ne ya auna, sai ya sauka."

Na janyo shi har gida, ina jin kaina kamar wadda ta tsinci allura a rijiya. Muka tarar da maigida tsugune da ma'auni. Ya dubi mai niƙa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka kunya ce.

"Baba, a gafarce ni, ba koya muku zan yi ba," in ji mai niƙa. Ya zaro baƙin salatif daga aljihu, ya naɗa wa tsakiyar tayar sama sau biyar, ya mayar da bel ya kunna.

Bel ɗin ya ɗan yi lilo, ya hau tsakiya ya zauna. Ya yi ta gudu, miƙe, da wata ƙara mai daɗin ji. Har tafi na yi. Mai niƙa ya ƙi karɓar ko ruwa, ya ce ya bar mutane a layi, ya fita.

Maigida ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya ɗauko wuƙar da ya ƙera tun watanni ya ajiye saboda wannan rana, ya gyara tsayuwa, ya manna gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya kai ta jikin bel. Tartsatsi ya zubo. Nan na ga abin da ban yi tunani ba. Magagari yana jiran hannu, amma inji ba ya jira. Duk rawar da hannun ya yi sai da bel ya rubuta ta a jikin ƙarfen. Ya juya ɗaya gefen, ya dafa da hagu, ya sake. Da ya ɗaga wuƙar a hasken taga, bakinta ya yi tudu da kwari kamar an gutsura.

Ya kashe injin ya zauna a benci.

"Malam, ai farkon gwaji ne," na ce. "Ka sake wata."

"Ko goma na sake." Ya ɗora hannun a gwiwarsa, muna kallonsa yana ta kaɗawa shi kaɗai. "Maman yara, kina tsammanin ban san tumbin taya ba? Shekara nawa ina sassaƙa irinta a kamfani? Ni na ce wa abokin aikin nawa ya yi ta sumul."

Sai a lokacin na gane. Muddin bel yana zamewa, inji bai kammalu ba, wuƙa ba ta karkace ba, kuma ba wanda zai ce ya sa kwado. Wata huɗun nan da nake tausayinsa, su ne ya saya wa kansa da allinsa da ma'auninsa. Ni kuma da karambanina na je na ƙarar masa da su a minti biyar.

Na tashi na je wurin injin. Na sa farce na fara ɓamɓare salatif ɗin, hawaye na hana ni ganin bakinsa.

"Ba wanda ya sani sai mai niƙa," na ce. "Zan roƙe shi ya yi shiru. In 'yarmu ta bugo in ce mata saura kaɗan."

"Bar shi yadda yake."

"Malam..."

"Da ban gani ba, da sai in ci gaba da aunawa. Yanzu na gani."

Ya ɗauki tsumma ya share injin tsaf, har ƙasan ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Ya jera magagarai a akwatinsu, manya a hagu, ƙanana a dama, yadda ya saba. Karkatacciyar wuƙar kaɗai ya sa a aljihu, wai ita zai nuna wa Uwata. Muka fito.

A bakin ƙofa ya ciro kwadon. Sau uku yana kai shi bakin ƙarfen, hannun yana kaucewa. Na tsaya a bayansa na harɗe hannuwana, na rantse a raina ba zan sake taimaka masa da komai ba a ranar. A na huɗu ya juyo ya miƙo mini.