Ruwan da Bai Kai Gwiwa Ba

"Ba namu ba ne," in ji ma'aikacin asibitin Birnin Kebbi, yana toshe hanci. "Wanga warin sholisho yake, ga ƙwaya. Ya bar sha tukuna, sannan a duba kan nai."

Maigandi, tsohon malamin firamare, ya dubi Riskuwa, ɗan maƙwabciyarsa. Saurayin ya tsuguna a baranda yana rantse wa wasu mutane, waɗanda shi kaɗai ke gani, cewa bai taɓa tarunsu ba. Shekaranjiya aka kai shi gidan mari a hanyar Gulma, inda ake raba samari da shaye-shaye. Malamin can ya ce shi mashaya yake ɗaurewa, mahaukaci kuwa sai likita.

"To, a raba shi biyu mana," in ji Maigandi. "Ku riƙe kai, mu kai ma malam baki."

Ma'aikacin bai yi dariya ba. An yi sabuwar jiha, an shafa wa bango sabon fenti, amma ƙofa tana nan yadda take.

Suka koma Argungu. Tun da matarsa ta rasu, Maigandi ba ya jin muryar mutum a gidansa sai surutan Riskuwa da ke tsallako katanga. Yakan tsine musu, amma yakan saurara.

Laure, uwar yaron, ta ce tunda likita ya ce a bar sha, za a bari. Ta zuba ƙwayoyin a murhu, ta kulle shi a ɗakin da marigayi ubansa ke ajiye taru da gora. Maigandi ya karanta littattafai cike da akwati, amma babu wanda ya gaya masa cewa jikin da ya saba da ƙwaya ba a yanke masa ita lokaci guda.

Da aka kwana biyu, Riskuwa ya soma karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya manna baki a tagar ɗakin.

"Baba Malam, ƙwara guda. Don Allah."

"Ita ta lalata ka."

"A'a. Mutanen da nike gani, su sunka fara zuwa. In na sha, suna yin shiru."

Maigandi ya tsaya da buta a hannu. Shekara da shekaru ana zagin yaron nan, ba a taɓa tambayarsa wanne ya riga wanne ba.

Da hantsi ya tarar da Laure tana kwance kwaɗon.

"Inna, mi kike yi?" in ji Maigandi.

"Shi tahi gulbi shi sha iska. Tun yana ƙarami, in ya hau rigima, ruwa ke kwantar mai da rai."

"Jikinai na rawa, Inna. Ko tsayuwa ba ya iyawa."

"Malam, kai baƙo ne ga wagga harka. Ɗan masunta ne. Ubanai da kakanai cikin gulbi sunka tsufa. Ruwa ba ya cin namu."

Duk unguwar haka suka yarda, don haka ba wanda ya bi shi. Mata suka gan shi yana tafiya yana dafa bango, har suka yi masa sannu.

Bayan la'asar wani manomin shinkafa, Hodi, ya same shi a bakin fadama, kife. Jijjiga ce ta kayar da shi. Ruwan bai kai gwiwa ba.

A zaman makoki wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce iskoki. Maigandi ya bar su suna rabon, ya shige gida.

Da magariba ya ji an ƙwanƙwasa kwano a kan katanga. Laure ce.

"Malam, karɓi. Na mance, na tuƙa na mutum biyu."

Ya karɓa, ya zauna a tabarma, ya buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi. Ya zuba wa tururin ido har ya daina tashi.