Darasin Ƙarfe Huɗu

Mijina aikinsa tsara tafiyar motoci a wani kamfanin sufuri. Shi ke cewa wannan mota ta tashi bakwai da kwata, waccan ta dawo tara saura biyar. A wurinsa motar da ke tsaye asara ce. Da a ofis ya bar wannan hali, da ban ce uffan ba. Sai ya kwaso shi ya kawo min gida, ya ɗora wa Auta, yarinya 'yar shekara takwas.

Takarda ya manna a jikin firij, ya ja mata layuka da rula. Dawowa daga makaranta biyu da rabi. Cin abinci minti ashirin. Uku malamin lissafi, huɗu mai koyar da kwamfuta, biyar karatun littafi, shida aikin gida. Har wanka sai da ya yanka masa minti goma sha biyu, kamar mai dafa ƙwai. Yayyenta biyu a gindin keken ɗinkina suka tashi, suna wasa da ƙyallaye, suna hamma, suna cewa sun gaji da zama, in kora su waje. Ga su nan sun zama mutane. Ita kuwa Auta ko ƙuda ba ta da lokacin kallo.

Na yi magana har bakina ya gaji.

"Baban Auta, yarinyar nan fa ba mota ba ce."

"Ke ba ki san duniyar yanzu ba," in ji shi. "Yaron da ya zauna haka kawai, lalacewa zai yi."

Ran Laraba mai kwamfuta ya bugo waya ya ce ba zai samu zuwa ba. Ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, sai na ji gidan ya yi tsit. Na leƙa kicin. Auta na tsaye gaban firij, yatsanta a kan layin ƙarfe huɗu, ta ƙame.

"Mama, yanzu me zan yi?"

"Duk abin da kika ga dama."

Ta dube ni, ta dubi takarda, sai hawaye shar. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya yi mata tsawa. Awa ɗaya ce tak ta zama tata, ta rasa inda za ta sa ta. Raina ya ɓaci har na kasa zura zare a allura.

Da uban ya dawo, ko takalmi bai cire ba na tare shi, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Laifin mai kwamfuta ne. Gobe zan nemo wani."

Nan fa na hau. Na fizge biro daga aljihun rigarsa, na soke layin ƙarfe huɗu, na rubuta da manyan baƙaƙe: BA KOMAI.

"Wannan awa ta Auta ce," na ce. "Ka taɓa ta, in yage takardar gaba ɗaya, kuma malaman nan naka ba wanda zai ƙara taka ƙofar gidan nan ina ciki."

"Mako ɗaya na ba ki," ya ce. "Za ki gani da idonki."

Ko makon bai iya jira ba. Washegari ya baro ofis da wuri, wai ya zo ganin asara. Tare muka shiga falo.

Auta ta wanke fuska. Ta jera kujeru biyu a gaban tebur, tana kan ɗaya, ɗayar ba kowa. Ta fere fensir, ta buɗe sabon shafi, ta sa kwanan wata a sama. A ƙasansa ta rubuta "Ba komai", ta ja masa layi da rula yadda uban ya koya mata. Ta miƙe baya, ido a kan ƙofa.

"Auta, me kike jira?" uban ya tambaya.

"Malamin ba komai, Baba. Ya makara da minti shida."

Ya duba agogonsa, don hannun ya riga ya saba. Minti shida ne cif. Ya sake duba agogon, sannan ya dubi layin da ta ja.

Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Na ja masa kujerar da ba kowa.

"Zauna," na ce. "Kai ka hana ta iyawa, kai za ka koya mata. In ka iya."