Arba'in da Bakwai Ba Ta Rabuwa

Malama Serah tana da ɗabi'a guda da ba ta da magani: ba a yi mata tambayar lissafi ta yi shiru. Ko a tsaye take cikin Kasuwar Kifi ta Baga, ka jefa mata lamba, sai ta farfasa maka ita tsaf kafin a ƙulle mata banda.

Ajinta na makarantar da ke bayan Old Maiduguri yara arba'in da bakwai ne. Da rufin ajin ya rufta da damina, mai makarantar ya ce ba shi da halin gyara, a zuba yaran cikin sauran azuzuwa uku. Malaman uku kuwa, Allah ya shirye su, kowa ya rantse ba zai karɓi yaro ko ɗaya fiye da ɗan'uwansa ba. Ga benci mutum uku yake ɗauka, ba ƙari.

Hedimasta Caleb ya kira ta ofis. Mutum ne mai laushin murya, irin waɗanda ke yanka ka suna maka sannu.

"Malama, ke ce gwanar. Raba min arba'in da bakwai."

"Ba ta rabuwa, ranka ya daɗe," in ji ta, har da ɗan murmushi. "Ba da biyu ba, ba da uku ba, ba da bakwai ba. Sai da ɗaya, ko da ita kanta."

A ranta murna take yi. Ta ɗauka dole yanzu a nema wa yaranta ɗaki a bar su tare.

"To, wacce ce kusa da ita da za ta rabu?"

"Arba'in da biyar mana. Uku sau uku sau biyar. Aji uku, benci biyar-biyar, kowane benci mutum—"

Nan ta tsaya. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Madalla," in ji Hedimasta. "Biyu suka yi yawa ke nan."

Bai ko yi dogon tunani ba. Ya ce a sallami Rumaisa'u da Zion, yaran da suka gudo daga ƙauye babu takardar makaranta, ita Serah ce ma ta roƙa aka ɗauke su. Ba su da uban da zai zo ya buga tebur. Ta yi magiya, ta ce a matsa benci ɗaya ya ɗauki huɗu, ta ce za ta kawo kujerun gidanta. Ya ce ai ita da bakinta ta yi lissafin, kuma bai taɓa jin ta yi kuskure ba. Ta tsani harshenta.

Da aka tashi ta same su a gindin dalbejiya, suna raba gyaɗa.

Zion ya ce, "Malama, kowa ya ji ajinsa. Mu wanne za mu shiga gobe?"

Ta gyara wa Rumaisa'u hijabi, ko da yake bai karkace ba.

"Hedimasta zai gaya muku," ta ce, ta wuce da sauri.