Yafiyar da Ba Ta Isa Gaban Alƙali Ba

Shekara goma sha biyu Khamisu ya yi yana sayar da zoɓo da citta a kasuwar Assihar, can ƙasar Larabawa, ba wanda ya taɓa jin kansa da kowa. Amma mutum ne mai tara abu a ciki, irin su kuwa ranar da suka fashe ba kyau. Ran nan maƙwabcin rumfarsa, Rashidu, ya sake jibge buhuna a bakin ƙofarsa. Magana ta yi zafi, Rashidu ya ambaci uwar Khamisu da ke Damagaram. Kafin Khamisu ya ankara, hannunsa ya riga ya tafi. Mari ɗaya ne, amma Rashidu ya faɗa kan sikeli, leɓensa ya fashe, a kan idon wani ɗan sanda.

Likita ya rubuta wa Rashidu hutun kwana biyar. Aka ba Khamisu takarda, ya bayyana gaban alƙali bayan mako uku. Ya dawo gida unguwar Sersouf. Matarsa Gwamma ta karɓi takardar ta juya, ba ta iya karatun Larabci ba, amma ta san abin da ke ciki. Takardar zaman mijinta ta kusa ƙarewa, wanda kuwa aka ɗaure, da wuya a sabunta masa. Rumfa da lekkol, makarantar yara, duk a kan takardar zaman nan suka rataya.

Alhaji Sadiƙu, dattijon 'yan Damagaram a garin, ya tara mutane suka tafi gidan Rashidu da goro. Khamisu ya durƙusa, kunya kamar ta kashe shi.

"Tashi, ɗan'uwa," in ji Rashidu, da kumburarren baki. "Ni na fara. Na yafe duniya da lahira."

Aka yi fatiha, aka raba goro. Dattawa suka ce magana ta mutu, kada wanda ya ƙara tada ta. Haka ake yi a gida, kuma gaskiya a gida hakan ya isa.

Ranar shari'a Khamisu ya sa farar riga, Alhaji Sadiƙu ya raka shi. Alƙali ya karanta, tafinta ya mayar da Hausa. Laifin ƙarami ne, hukuncinsa ɗaurin kwana goma zuwa wata biyu, ko tara. Amma idan wanda aka mara ya tsaya ya ce ya yafe, an rufe maganar nan take.

Zuciyar Khamisu ta yi sanyi. Ya waiga yana neman Rashidu a cikin mutane.

"Ina mai raunin?" tafinta ya tambaya.

Alhaji Sadiƙu ya miƙe ya gyara rawani, fuskarsa cike da alfahari. "Ka gaya wa mai girma alƙali, ya yafe tuntuni. Mu ba mu tsayawa gaban hukuma da ɗan'uwa bayan an yi fatiha. Ni da kaina na ce ya bi kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi Agadas, don kada a ce shi ya kawo ƙara."

Tafinta ya fassara. Alƙali ya duba takardun gabansa, ya girgiza kai. Yafiyar da aka yi a tsakar gida ba ta cikinsu, shi kuwa ba zai karɓe ta daga bakin wani ba. Abin da ke gabansa takardar likita ce, da shaidar ɗan sanda, da Khamisu da bai musa ba. Ya yanke masa wata guda.

Khamisu bai ji haushin kowa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Duk wanda ya sa hannu a maganar, alheri ya nufe shi da shi. Da ɗan sanda ya kama hannunsa, sai ya juya wajen dattijon da ya tsaya baki buɗe.

"Baba Alhaji," ya ce a hankali, "ka ce wa Gwamma ta fara ɗaure kaya, gida za mu koma. In Rashidu ya dawo kuma, kada a gaya masa rashin zuwansa ne dalili."