Kan Balbelar Firdausi

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi a Djougou sun nuna mini cewa abin da kowa ya yarda da shi, da wuya a sami wanda ya taɓa auna shi.

Jikata Firdausi, marainiyar ɗana na biyu, injiniyanci take karanta a Parakou. Aikinta na kammalawa tsuntsu ne mai kaɗa fiffike. Balbelun kasuwar shanu ta yi ta kallo, sannan ta samo ƙarafan tsohuwar laima a kasuwar Arzeke, ta shimfiɗa musu leda. Ƙaramin inji yana juya faifai mai haƙora, shi kuma ya tura sanduna sama da ƙasa. Kan tsuntsun kuwa ta sassaƙa shi da itace, ta cusa dalma a ciki, domin nauyin gaba ya riƙe na baya.

Ana gobe gwaji ta kawo mini shi in sa albarka.

"Tsohuwa, sa madubinki," in ji ta, "kada ki ce aljani ne."

"Ni na koya wa ubanki raba lamba, 'yar nema. Kunna."

Ya tashi daga bakin rijiya, ya haye igiyar shanya, ya sauka gaban Alhaji, ɗana na fari, wanda riƙon yarinyar ke hannunsa. Dama ya gindaya mata: ta ci bana, ko ta dawo shagon atamfa.

Alhaji ya juya shi. "Har da ido? Ranar alƙiyama za a ce ki busa masa rai. Kin iya?"

"Baffa, inji ne kawai."

"Malamai sun ce in an cire kai, shi ke nan."

Na ce, "Alhaji, hukuncin ban sani ba, amma nauyi na sani. Bar shi har jibi."

"Inna, kai ai ado ne. Da fiffike ake tashi, kowa ya sani."

Ya ɓalle kan kamar mai ɓare goro.

Na bi ta a mota zuwa Parakou. A ɗakinta na unguwar Kpebie ta ɗaura ƙusoshi a wuyan da roba, tana gwada nauyinsu da na kan a tafin hannu. Batirin ya ƙare a tsakar gidanmu, wuta kuma ba ta dawo ba sai da safe. Babu damar gwadawa.

Na zauna can baya a zauren gwajin. Fikafikan suka kama kaɗawa, har wani malami ya miƙe don ya gani. Girgizar ta kwance robar, ƙusoshin suka watse a siminti. Tsuntsun ya ɗaga wuya sama, ya tsaya cak a iska, ya faɗo ta wutsiya. Na ji ƙarar faifan da ya tsage.

Shugaban masu gwajin ya yaba zanen. Ya ce ta dawo baɗi.

Yanzu tana auna atamfa a shagon baffanta, ba ta kuskuren ko taƙi ɗaya. Alhaji ya ce dama ba rabonta ba ne. Kan tsuntsun yana ɗakina, a kan taga. Rannan ta shigo gaishe ni, ta gan shi, ta kifa masa kwano.